Idan 'yan sanda suka tsare naka a Abuja

Shawarar da ta fi fitowa a zaman 'yan kasuwar Wuse da wata lauya ita ce a rubuta lokacin kamun. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin awa 24, ko kwana biyu in babu kotu cikin kilomita 40, banda laifin da hukuncinsa kisa ne. Kada wanda aka kama ya dangwala yatsa a takardar da bai fahimta ba, yana da ikon yin shiru har lauya ya iso.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne kama uwa ko mata a madadin wanda ya tsere, alhali dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta hakan. Bashi ma ba dalilin tsarewa ba ne. Beli kyauta ne, mace ma tana iya tsayawa.