Zakka kaɗai za ta iya riƙe talakan Arewa?

Malamin Islamiyya: Abin da na faɗa jiya bayan La'asar shi nake maimaitawa. Da masu hali suna fitar da zakka yadda aka shar'anta, da babu magidancin da zai bi layin tallafin gwamnati. Kashi biyu da rabi cikin ɗari na kuɗin da ya kai nisabi ya shekara, ɗaya bisa goma na hatsin da ruwan sama ya shayar. Ku auna abin da ke juyawa a kasuwannin Kantin Kwari da Dawanau na Kano kawai.

Ma'aikaciyar asibiti: Allah gafarta Malam, lissafin bai fita ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci a Najeriya, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Kuma ba aljihu kaɗai aka auna ba, har da ruwan sha, makaranta da asibiti. Zakka tana da rukunin mutane takwas da aka ambata mata. Wa zai biya albashin ungozoma?

Malamin Islamiyya: Hajiya, ai don haka aka yi wakafi, wato hubusi, dukiyar da ake keɓewa don jama'a su riƙa amfana. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato tana da tata.

Ɗan kasuwa: Ni ina bayan Malam. Me gwamnatin ta tsinana? An cire tallafin mai a Mayun 2023, a Oktoba aka yi alƙawarin naira dubu 25 duk wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15. Janairu na kamawa aka dakatar da ministar jin ƙai, aka tsayar da shirin. Da aka dawo, sai mai lambar NIN. Tsohuwar da ke ƙauye fa?

Uwar adashi: Alhaji, kar ka ji haushi, amma ku 'yan kasuwa ku ne matsalar. Azumi na zuwa sai a tara mata a ƙofar gida tun safe, rana ta dake su, a miƙa wa kowace dubu biyu da turmin atamfa, a ce an fitar da zakka. Kuɗin mota ma ya cinye rabi. Da mutum biyar aka zaɓa aka ba su jarin ƙosai ko keken ɗinki, da baɗi ba su dawo ba. Mu a adashinmu mace kan kwashi abin da za ta sayi injin markaɗe. Sai dai in faɗi gaskiya, wadda ba ta da na zubi ba ta shiga, kuma ita ce ta fi buƙata.

Ɗan kasuwa: Hajiya, in na ba mutum biyar, sauran ɗarin da ke ƙofar gida me zan ce musu?

Malamin Islamiyya: Ka miƙa wa hukuma ta raba.

Ɗan kasuwa: Su fara liƙa sunayen unguwannin da suka raba wa ta bara tukuna, Malam.