Yadda Rubutu Ke Jawo wa Mai Sana'ar Sola Amincewar Masu Saye

A wata tattaunawa tsakanin masu haɗa wutar sola, shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce mai sana'a ya riƙa rubuta bayani a shafinsa na intanet a kai a kai, maimakon ɗora hotunan kaya da farashi kawai, tunda wannan kowa yana yi.

An fi jaddada amsa tambayoyin da ake yi a shago: me ya sa batirin lithium ya fi na ruwa tsada amma ya fi shi daɗewa, me ya sa firji ke jan wuta sosai lokacin tashi, da yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfin farantin sola idan ba a goge shi ba. Wanda ya rubuta ƙarara cewa ƙaramar inbata (na'urar da ke mayar da wutar batiri irin wadda kayan gida ke amfani da ita) ba za ta ɗauki dutsen guga ba, zai iya rasa cinikin ranar, amma shi za a nema idan an tashi yin babban aiki.

Wasu sun kawo ƙorafin rashin lokaci, aka ce rubutu ɗaya a mako ya isa, muddin ana amsa tambayoyin masu karatu.