Neman kalma: me za mu kira fern a takardar ɗalibai?

Malamar Kimiyya, Jos:
Assalamu alaikum malamaina. Ranar Asabar zan kai 'yan aji huɗu na sakandare magangarar ruwan Assop, can wajen Hawan Kibo, su tattaro ganyaye da ƙwari su rarrabe su. Da Hausa nake son takardar da za su riƙa dubawa ta fito, domin ajin nawa akwai Birom da Ngas da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ce kowa ke ji ba sai an maimaita ba. Jibi Alhamis zan kai wa mai buga takardu. Abu biyu suka tsaya mini. Na farko fern, tsiron nan na wuri mai damshi da inuwa, wanda ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba ya iri, sai wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a bayan ganyensa, daga cikinsu wata ƙura ke zubowa ta zama sabon tsiro. Na biyu insect. In na rubuta ƙwaro, wallahi gizo-gizo da kunama za su cika mini kwalabe. Ku taimaka.

Abban Sadiya:
Wa alaikumus salam Malama. Mara-fure. Gajere ne, kuma ya faɗi gaskiya.

Mai Gandun Daji:
Gansakuka ma ba ta fure, Abban Sadiya, haka naman kaza. In yaro ya kankaro gansakukar jikin dutse ya kawo, da wane baki Malama za ta ce bai ci ba? Na biyun kuwa ba ya buƙatar ƙirƙira: ƙwaro mai ƙafa shida. Jikinsa kashi uku, kai da ƙirji da ciki, ga gashin baki biyu da yake lalube da su. Fara, gyare, buzuzu, zanzaro, ƙoƙi-ƙoƙi, gara, duk sun shiga. Gizo-gizo da kunama da kaska ƙafa takwas gare su, sun fita. Shanshani da ƙadandoniya kuwa ba a ma maganar ƙidaya.

Sarkin Alƙalami:
Ni na daɗe da warware wannan, sauran a karɓa kawai. Naɗau. Duk wanda ya taɓa ganin sabon ganyen tsiron nan ya san a naɗe yake fitowa kamar gammo, sannan ya warware a hankali. Bahaushe da halin abu yake raɗa masa suna: mai mantuwa mantau, mai makara makarau. Naɗau, jam'i naɗau-naɗau. Yaro ya ji sau ɗaya ya riƙe har ya tsufa.

Ɗan Damagaram:
Nan Nijar a makaranta fujer muke cewa, daga Faransanci. Ku ku ce fan, mu mu ce fujer, an raba Hausa biyu ke nan a kan ganye guda. Gara naɗau ɗin.

Baba Na Tudun Wada:
Yara, kafin a sassaƙa sabuwar ƙota a duba ko tsohuwar tana nan. Dalziel, likitan Turawa da ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. A ciki akwai agugu, saiwar wani fern da ake sha don tsutsar ciki. Akwai kuma mashin zomo, wanda masana ke kira Ophioglossum, ɗan tsiro mai ganye guda da tsinke a tsaye. Kun ga kakanninmu sun san su, sai dai ɗaya-ɗaya suka raɗa musu suna, ba su yi musu sunan gida ba. Dalili a fili yake: ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato rani ya fi damina tsawo, tsiron nan kuwa sai da ruwa yake haihuwa, don haka bai yi yawan da za a tara shi a ƙarƙashin suna ɗaya ba. Ni shawarata a faɗaɗa agugu, a ce dangin agugu.

Malamar Kimiyya, Jos:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ban taɓa jin agugu ba, amma ta zauna a baki.

Sarkin Alƙalami:
Baba, da girmanka, kalmar da Malamar da kanta ba ta taɓa ji ba, ina amfaninta ga ɗan shekara 15? Tono gawa ne wannan. Kuma sai Bature ya rubuta sannan za mu yarda Hausa ce? Naɗau daga cikin harshen ta fito, ba daga akwatin Turawan mulki ba.

Mai Gandun Daji:
Malam, kalmarka tana da daɗi, amma ga inda ta karye. Mashin zomo da Baba ya ambata fern ne, kuma ganyensa ba ya fitowa a naɗe. Haka Azolla, ɗan mitsitsin nan da ke shimfiɗa a kan ruwan kududdufi da gonar shinkafa, wani lokaci ya yi ja. Shi ma fern ne, babu naɗi ko ɗaya a jikinsa. Ga tarko kuma a gefe: kainuwa a kan ruwa take kamarsa, amma ita tana fure, ƙarami ne a ɓoye a tsakiyar ganyen, don haka ba danginsu ba ce. In aka ce wa yara su nemi naɗi, za su bar na gaske a baya. Abin da ya haɗa dangin nan, masu nau'i sama da 10,000 a duniya, shi ne suna da jijiyoyin ɗaukar ruwa kamar sauran manyan tsirrai, amma da ƙura suke yaɗuwa. Ƙurar in ta faɗi a damshi, galibi wani ɗan faifai kore take fara fitarwa, bai kai farce ba, a jikinsa ake yin barbarar, kuma sai da laimar ruwa. Shi ya sa za ki same su jingim inda feshin ruwan ke sauka, Malama, ki taka ɗan tudu kaɗan sai ki ga sun ragu.

Sarkin Alƙalami:
To malam-buɗe-littafi littafi yake buɗewa? Suna ba sai ya kwashe duk sifofi ba.

Almajirin Zaure:
Me ya hana mu ɗauko ta Larabci? Sarkhas suke cewa. Mun ɗauki littafi da alƙalami da sabulu, ba wanda ya ce mun yi asara.

Ɗan Damagaram:
Wato aron Larabci ado ne, na Faransanci da Ingilishi kuma abin kunya? Mota da tebur da kuke faɗi kullum fa? Kuma kullum in za a yanke kalma, sai a yanke ta a Kano ko Zariya, mu a aiko mana kamar ba da ita aka yi mana goyo ba.

Abban Sadiya:
Ba wanda ya ce haka, ɗan'uwa. Daidaitacciyar Hausa dole ta sami mazauni, in ba haka ba kowa ya rubuta tasa.

Ɗan Damagaram:
Mazauni daban, mallaka daban.

Baba Na Tudun Wada:
Ku yi haƙuri haka nan. Baiwar Allah tana da aiki jibi, kun bar jaki kuna dukan taiki. Sarkin Alƙalami, Bature bai ƙirƙiri agugu ba, daga bakin Hausawa ya ji ya rubuta. Da bai rubuta ba, da yau ba mu da abin da za mu yi gardama a kai. Abin da ke damuna shi ne mu da muka gāji harshen ba mu zauna da masu maganin gargajiya da mafarauta mun yi irin wannan tattarawar ba.

'Yar Gembu:
Na zo a makare. Nan tsaunin Mambila fern ba baƙo ba ne. Akwai wanda ke cinye makiyaya bayan an yi ƙuna, Pteridium, wanda ke cutar da shanu in sun yawaita cinsa, akwai kuma masu tsayin bishiya a kurmin bakin rafi. Anti, ki bar layi guda babu komai a ƙarƙashin kowane hoto, yaran Birom da Ngas su tambayo kakanninsu sunansa a harshensu. Mutanen dutse sun fi mu zama da tsiron nan. Kuma in za ki sa agugu, ki rubuta gargaɗi cewa ba a sha, domin saiwar da ake maganin tsutsa da ita dafi gare ta, in ta yi yawa tana iya makantarwa. Kada yaro ya ji sunan magani ya tono ya kai gida.

Malamar Kimiyya, Jos:
Wannan gargaɗin ya shiga yanzun nan, ƙanwata, na gode. Ga abin da zan kai ɗab'i. Babban kai: Dangin agugu, da kalmar fern kusa da shi sau ɗaya, tunda da Ingilishi za su rubuta jarrabawa. Kowane nau'i da sunansa na Latin, da layin da babu komai. Ƙwari kuwa gida uku na yi musu: masu ƙafa shida, masu ƙafa takwas, masu ƙafa barkatai. Malam Sarkin Alƙalami, naɗau ban yar da ita ba. Na sa ta sunan sabon ganyen da bai warware ba, domin shi ma ba ni da kalmarsa, kuma nan ta fi dacewa.

Sarkin Alƙalami:
An rage mata matsayi, daga sunan gida zuwa sunan ganye. Na karɓa don kada aikinki ya tsaya, amma ki saurari wadda yaran za su riƙa faɗi a mota in kuna dawowa, ki zo ki gaya mana tsakani da Allah.

Mai Gandun Daji:
Malama, ki ja kunnensu kan tsutsar malam-buɗe-littafi. Za su ƙirga ƙafa fiye da shida su jefa ta gida na uku. Shida na gaba ne ƙafafun gaske, na bayan nan na riƙe ganye ne. Sannan ita ƙurar bayan ganyen, me kika rubuta?

Malamar Kimiyya, Jos:
Ƙurar iri na sa.

Abban Sadiya:
Ai kin ce ba ya iri.

Malamar Kimiyya, Jos:
Shi ya sa na rubuta ta da fensir. Ina da zuwa gobe da la'asar in akwai mai wadda ta fi ta.