Layin baƙi a waifan gidan Alhaji: rowa ce ko tsari?

Gwaggo: Salamu alaikum. Yau dai sai na amayar da abin da ke cikina. Ranar suna na ce a sa mini waifai a gidan Yaya Alhaji, sai Auta ya jona ni da wani layi wai shi BAƘI, alhali ga nasu can daban. Ni ce baƙuwa a gidan ɗan'uwana ciki ɗaya? Rowa ce kawai aka ɗaura mata ɗankwali.

Auta: Allah ya huci zuciyar Gwaggo. Wallahi rauta ɗaya ce, wato na'urar da ke raba waifai, data ma ɗaya. Randar da muke sha ita kika sha.

Gwaggo: In randa ɗaya ce, me ya kawo moɗa biyu?

Kawu: Hajiya ta yi tambaya. Ina bayanki.

Auta: Kawu, a babban layin akwai kyamarar ƙofar gida, da firinta, da talabijin ɗin falo, da kwamfutar da Baba ke lissafin shago. Duk wayar da ta hau shi tana iya ganin waɗannan. Layin baƙi kuwa intanet kawai yake fitar da mutum, ba ya kai shi kansu. Ba ku tuna ranar da wani yaro ya tura katun daga wayar uwarsa zuwa talabijin Baba na tsakiyar kallon labarai ba? Wannan ma mai sauƙi ce. Waya na iya ɗauke da muguwar manhaja mai ita bai sani ba.

Alhaji: Ke Hajiya, a gidanmu na gado ina Malam ke sauke mutane? A zaure. Aminansa na shekara da shekaru a nan suke cin tuwo, ba wanda ya taɓa cewa an wulaƙanta shi don ba a kai shi turaka ba.

Gwaggo: Su maza ne, Yaya. Ni har ƙuryar ɗaki nake shiga.

Anti Amarya: Gwaggo, ni na matsa aka yi, a yafe mini. Wayoyin yanzu, duk wanda ya hau waifai yana iya fito da lambar QR wani ya ɗauka, ko fasiwod bai sani ba. Bayan ƙaramar salla sai ga yaran layi sun jeru a dakalinmu har sha ɗayan dare, datar wata ta ƙare cikin mako guda. Da muka canza fasiwod, sai da aka bi kyamara da talabijin ɗaya bayan ɗaya ana sake jonawa. Yanzu na baƙin kawai ake canzawa.

Ɗan Gwaggo: Ni ba na bayan kowa, amma kar a yi wa layin baƙi kirarin da ba nasa ba. Ba ya rage shan data ko kaɗan. Waya da ta ga waifai sai ta ɗauka banza ta faɗi: Play Store ya hau sabunta manhajoji, Google Photos ya hau kwashe bidiyon biki. Ga shi tun Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, data ta zama abin lallaɓawa. Maganin shi ne a ƙayyade gudun layin, in rautar tana da wurin yin haka, kamar wasu na TP-Link. Ƙananan rautocin aljihu da ake ce wa MiFi, da yawansu ko layin baƙin ma ba su da shi.

Kawu: Ni tsorona daban. Ba tarko ba ne a riƙa karanta saƙonnin mutum?

Ɗan Gwaggo: A'a Kawu. Saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya daga waya zuwa waya. Mai rauta zai ga sunan wayarka, wata rautar ta nuna yawan datar da ka sha ko shafin da ka leƙa, amma ba abin da ka rubuta ba. Kuma a babban layin ma haka ne.

Kawu: To ai ka ji. Ni datata ta ishe ni.

Gwaggo: Auta, ƙayyade gudun nan da yayanka ya faɗa, ka yi mini shi ranar? Bidiyon amarya sai juyawa yake.

Auta: Kaɗan ne Gwaggo 🙈

Gwaggo: Na faɗa muku! Ka goge BAƘIN nan ka rubuta ZUMUNCI, ka sake masa linzami. Asabar ina tafe, kuma da jikokina.