Wace kalma za mu ba "steampunk" da Hausa?

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina rubuta sharhin fim ɗin Wild Wild West na 1999, wanda Will Smith ya fito a ciki, sai na maƙale a kalma ɗaya: steampunk. Duk wanda ya kalla zai tuna ƙaton gizo-gizon nan na ƙarfe, yana taka hamada da ƙafafu takwas, hayaƙi da tururi na tashi daga jikinsa. Labarin kuwa na 1869 ne, lokacin da doki da jirgin ƙasa ne abin hawa a Amurka. Irin wannan fim ake nufi: mutanen da, tufafin da, amma injinansu na aikin da ko na yau ba su kai ba, kuma babu waya babu kwamfuta, sai kwal, tagulla da haƙoran inji.

2/ Marubucin nan na Amurka K. W. Jeter ne ya ƙirƙiro kalmar a 1987, cikin wasiƙar da ya aika wa mujallar Locus, yana kwaikwayon "cyberpunk", wato labaran zamani mai zuwa da kwamfuta ta mamaye. Rabin farko, "steam", tururi ne. Rabi na biyu, "punk", aro ne kawai, ba dole mu ɗauko shi ba.

3/ Wani ya ce a rubuta "sitimfank". Ban yarda ba, domin ba ta gaya wa mai karatu komai. "Tatsuniyar injina" ma ta yi faɗi, har mutum-mutumi na zamani zai shiga ciki.

4/ Wani malamin Hausa ya kawo "goben jiya", kuma wallahi ta burge ni. Gobe ce kamar yadda mutanen jiya suka hango ta. Ku dubi Charles Babbage na Ingila: ya zana injin lissafi a zamanin Sarauniya Biktoriya, bai ga an gina shi ba har ya mutu a 1871. Sai a 1991 gidan adana kayan kimiyya na Landan ya ƙera shi bisa zanensa, aka murza hannun, ya yi lissafi daidai. Tambayar waɗannan finafinai ke nan: da an gina shi tun lokacin fa? Amma Malam, kalmarka ta fi steampunk girma. Ta haɗa har da motoci masu tashi da aka riƙa zanawa a shekarun 1950. A bar ta ga retrofuturism gaba ɗaya, wato duk wani salo da ke nuna gobe yadda mutanen baya suka zata.

5/ Tawa shawarar ita ce "almarar tururi". An ce min Bahaushe na jin tururi sai ya tuna madambaci a kan murhu. Gaskiya ne, amma jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 da tururi ya zo, kakanninmu sun ga ana zuba masa kwal da shebur. Kuma tana zama a jimla: "fim ɗin almarar tururi ne".

6/ 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ku faɗe ta da bakinku, ku gaya min ko ta zauna a kunne.