Yaya ya kamata mutanen Niyandatal su yi magana a cikin labari?

Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labari da ya faru a kudancin Faransa kimanin shekaru 45,000 da suka wuce, lokacin da mutane irinmu suka iske Niyandatal, wato wani jinsin mutanen da da ya shuɗe, a can. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne maganarsu. Shin in sa musu karyayyar Hausa, ko in bar su da ishara da gurnani, ko kuwa su yi magana kamar kowa?

Ɗalibin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malama. Gurnani dai ki ajiye shi gefe. Hoton nan da ake yi wa Niyandatal na ƙato mai tafiya a sunkuye ya samo asali ne daga nazarin da masani Bafaranshe Marcellin Boule ya yi wa ƙasusuwan da aka tono a La Chapelle-aux-Saints ta Faransa a farkon ƙarni na 20, alhali mai ƙasusuwan tsoho ne da ciwon gaɓoɓi ya addaba. A 1983 kuma an tono ƙashin da ke tallafar harshe na wani Niyandatal a kogon Kebara na Isra'ila, sai ga shi kusan irin namu ne sak. Mutanen da suke gasa ɓawon itace su fitar da ƙaro don liƙa kan mashi a jikin ƙota, da wuya a ce ba su da hanyar koya wa 'ya'yansu wannan aiki.

Gwaggon Yara:
Ni karyayyar Hausar ce ban yarda da ita ba, domin babu mai jin harshen uwarsa a karye. Idan ta idonsu ake ba da labarin, to maganarsu ta fito cikakkiya, baƙin da suka iso su ne za a ji suna surutun da ba a gane kansa. Abin da za ki taƙaita shi ne duniyar da kalmominsu suka sani: babu ƙarfe, babu gona, babu kasuwa, sai ƙanƙara da dutse da namun dawa. Ki kuma duba Niyandatal ɗin da aka tono a kogon Shanidar na Iraƙi, wanda hannunsa ɗaya ya shanye, ya sha mummunan rauni a fuska, amma ya rayu shekaru masu yawa saboda danginsa sun ɗauki nauyinsa.

Ɗalibin Tarihi:
Gaskiyarki, Gwaggo. Tun 2010 binciken masanin ƙwayoyin halitta Svante Pääbo ya nuna Niyandatal da mutane irinmu sun hayayyafa tare, don haka yaron da ya tashi da harshen uwa da na uba zai iya zama tafinta a labarinki, Malama.