Sandar giyar Golf 4 za ta hau giyabos ɗin Golf 3 VR6?

Mai_VR6:
Assalamu alaikum. Ina da Golf 3 VR6 ƙirar 1995, injin lita 2.8, giyabos 02A mai lamba biyar. Shekara shida tana hannuna, kuma ba ni da niyyar rabuwa da ita. Damuwata sandar giya. Ta yi sako-sako, tana lilo ko da giya na ciki, lamba biyu kuwa sai na lallaɓa take shiga, musamman da sanyin safiya. Mun canza bushin, ta ɗan gyaru, bayan wata biyu ta koma gidan jiya.

Jiya a kasuwar Ƙofar Ruwa na ga akwatin sandar giyar Golf 4 da wayoyinsa biyu, na Beljiyam, tsaf da shi. Na ji ana cewa na Golf 4 ya fi taushi da daidaito. Zai hau tawa? Ban biya ba tukuna.

Direban_Hanya:
Wa alaikumus salam. Ni dai Golf 3 da na sani ba waya a giyarta, sandunan ƙarfe ne. Ka tabbata?

Mai_VR6:
Na tabbata, Malam. Waccan giyabos 020 ce, ta ƙananan injuna irin na motocin haya. VR6 da waya ta zo, kulocinta ma na mai ne.

Tsohon_Bakanike:
Gaskiyarka, ƙanena. Zai hau, amma kada ka sayi akwatin shi kaɗai. Giyabos 02J ta Golf 4 daga jikin 02A aka samo ta, shi ya sa selektar da ke zaune a saman giyabos ɗin, wadda wayoyin ke ja don zaɓar giya, take shiga ramin taka. Sai dai bakin wayoyin ba iri ɗaya ba ne, don haka wayar Golf 4 ba za ta kama tsohuwar selektarka ba. Ka haɗo su gaba ɗaya daga mota guda: akwati, wayoyi, selekta, ƙarfen da ke riƙe wayoyin, da murfin da ƙasan selektar ke zama a ciki. Wannan murfin shi aka fi mantawa da shi.

Ka duba da kyau, Golf 4 na farko-farko sun zo da tsohon tsari mai kama da naka. Wanda kake nema shi ne na baya, mai sifirin a bakin waya. Kuma kada a haɗa ka da selektar 02M mai lamba shida, wannan wata giyabos ce daban.

Aiki biyu na jiranka. Akwatin ba zai zauna a ramukan noti na Golf 3 kai tsaye ba, sai an yi masa mazauni. Makunnin fitilar ribas ma soket ɗinsa daban ne, sai mai wayarin ya sauya.

Mai_VR6:
Allah ya saka da alheri, Baba. Saitin fa?

Tsohon_Bakanike:
Nan ne daɗinsa. Ka sa ta a firi, ka danna selekta ka kulle ta da ɗan fil ɗin da ke jikinta. A cikin mota ka zura ƙusa mai kaurin milimita 5 a ramin gindin sandar, ka saki sifirin ɗin wayoyin su kama da kansu, sannan ka zare ƙusa ka buɗe fil. Idan bayan haka lamba biyu tana ƙara, to matsalar a cikin giyabos take, sai an sauke ta.

Mai_VR6:
Gobe da safe zan koma kasuwar. Zan ɗauko hoton selektar na turo ka duba kafin na biya.